Da rani ake gyaran jinga

Duk wanda ya taɓa kwana a Haɗeja, Auyo ko Miga cikin watan Agusta ya san halin da gari ke shiga idan kogi ya tumbatsa. Matasa kan kwana a bakin jinga da tocila, wasu na ɗura yashi a buhu, wasu na dako, dattawa na bin gaɓa suna duba inda ruwa ya fara tsattsafowa. A ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a yawancin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, irin wannan aikin gayya ne ya tsare unguwanni da dama kafin agaji ya iso daga Dutse ko Abuja.

Jama'a sun yi nasu. Tambayarmu ita ce, ina ƙaramar hukuma take a watan Maris, lokacin da ƙasa ke bushe, tifa na iya shiga har bakin kogi, leburori kuma na zaune babu aikin gona? Ba ta da hujjar cewa ba ta sani ba. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA kuma na lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya da sunayensu. Cire ciyawar kacalla daga babban kogi ya fi ƙarfin ciyaman, wannan aikin jiha ne da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Amma yashe magudana, kwashe bola, gyaran kwalbati da titunan cikin gari, duk kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora su a wuyan ƙaramar hukuma, tare da kasuwa, tasha da mayanka.

Wannan nauyi ya ƙaru tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A da unguwa kan yi karo-karo ta sayi buhuna da tifar yashi, ta zuba wa janareton rijiyar burtsatse mai. Yau magidancin da ke fafutukar kwanon masara ba shi da abin da zai jefa a asusun unguwa. Ƙarfin jiki na nan, niyya na nan, kuɗin kayan aiki ne babu. A nan ne ƙaramar hukuma ke da amfanin da babu wata gwamnati da ke da shi: ta san dagacin, ta san mai unguwar, ta san lungun da ruwa ke fara shiga. Ta kawo buhu, shebur da baro, ta mayar da rijiyar kan hasken rana, mutanen gari su ƙarasa sauran. Ta kuma dawo da duba-gari, wanda dattawanmu ke tunawa tun zamanin En'e, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Ciyamomi za su ce kuɗi ba ya hannunsu, kuma akwai gaskiya a ciki. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi 774, wato kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, yana bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da makullinsa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a biya su kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Jan ƙafar da aka yi wajen aiwatar da hukuncin abin kunya ne, kuma muna kira ga gwamnoni da gwamnatin tarayya su bi shi sau da ƙafa.

Sai dai ba za mu yarda 'yancin da hukuncin ya bayar ya zama sauya hannun da ke wawura ba. Kowane ciyaman ya riƙa liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar sakatariya duk wata, da Hausa, a kuma karanta a rediyo. Kafin ruwan farko ya sauka, kansilan kowace mazaɓa ya zauna da masu unguwanni, limamai, ƙungiyoyin mata da na matasa, su fitar da jerin magudanai da jingogin da za a gyara, da kuɗinsu, da ranar gamawa, da sunan wanda za a tuhuma idan ba a yi ba.