Daga teburin POS zuwa kujerar manajan haja: Aikin fintek da ya kamata matasan Arewa su nema

Duk wanda ya saba tsayawa gaban masu POS a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa a Kano ya san irin wannan rigima. Kwastoma ya sa kati, an cire masa kuɗi, alat ya shigo wayarsa, amma takardar da na'ura ta fitar ta ce ciniki bai yiwu ba. Mai POS ya ce ba zai ba da kuɗin da bai shigo masa ba. Kwastoma ya ce ba zai tafi ya bar guminsa ba. Kafin a ankara mutane sun taru, kowa na yanke nasa hukuncin.

Abin da mutanen biyu ba su sani ba shi ne, akwai wani ma'aikaci a wani ofis, galibi a Legas, wanda aikinsa ne ya hango wannan rigima tun kafin ta auku. Da bakinsa ake tsayar da irin saƙon da na'urar za ta nuna, da harshen da za a rubuta shi, da inda mai kuɗi zai kai kuka, da kuma ko gyaran wannan matsala zai sha gaban sauran ayyukan da ke jiran injiniyoyi.

A harkar ana kiransa furodok manaja, wato manajan haja. Hajar a nan ita ce manhajar waya, ko katin cirar kuɗi, ko asusun ajiya, ko tsarin ba da lamuni na kamfanonin fasahar hada-hadar kuɗi, waɗanda aka fi sani da fintek.

Kujera ce da ke taɓa aljihun miliyoyin 'yan Arewa kullum, amma matasan yankin ba su cika neman ta ba. Da yawa ma ba su san da ita ba. Lokaci ya yi da hakan zai sauya.

Mene ne aikin manajan haja?

Injiniyoyi ne ke rubuta manhaja, masu zane kuma su tsara yadda shafukanta za su kasance. Shi manajan haja amsar tambayoyi huɗu ke wuyansa: me za a gina, don wa, saboda me, kuma wanne za a fara.

Yininsa yakan ƙare ne a karanta ƙorafin kwastomomi, da duba alƙaluma, da zama da injiniyoyi da lauyoyin kamfani da masu kula da bin doka. Misali, idan mutum dubu suka fara buɗe asusu amma rabinsu suka tsaya a wajen ɗaukar hoto, shi zai gano dalili. Kyamarar wayarsu ce ba ta da kyau? Data ce ta ƙare? Ko bayanin ne ba su gane ba? Daga nan sai ya rubuta abin da ake bukata dalla-dalla, a gina, a gwada, ya koma ya auna ko an samu sauƙi.

Duk da sunan manaja, yawanci ba shi ne shugaban injiniyoyin ba, kuma ba ya ba su umarni. Da hujja yake shawo kansu. Shi ya sa iya sauraro da iya bayani suka fi komai muhimmanci a wannan aiki.

Labarin M-Pesa na ƙasar Kenya ya nuna amfanin sauraro. Tun farko an tsara shi ne don masu karɓar ƙananan rance su riƙa biyan bashi ta waya. A lokacin gwaji sai aka lura mutane na amfani da shi wajen tura wa juna kuɗi. Da kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da shi a 2007, sai ya tallata shi a matsayin hanyar aika kuɗi gida, ya kuwa karɓu fiye da zato.

A Najeriya kuma, Babban Bankin Najeriya (CBN) ya ƙaddamar da eNaira a watan Oktoban 2021, amma jama'a ba su rungume ta yadda aka yi tsammani ba. Ɗan kasuwa bai ga abin da za ta yi masa wanda tiransifa ba ta riga ta yi ba. Fasaha ba ta sayar da kanta, sai ta magance wata damuwa da mutane ke ji a jikinsu.

Kasuwar ta karkato Arewa

Manyan kamfanonin fintek na Najeriya a Legas suka kafu. Interswitch ya fara a 2002. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. A 2022 an ƙiyasta darajar Flutterwave ta wuce dala biliyan 3, shi ma Moniepoint ya kai darajar dala biliyan 1 a 2024.

Sai dai sababbin kwastomomin da waɗannan kamfanoni ke nema, akasarinsu a Arewa suke. Binciken da cibiyar EFInA ta fitar na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya ba sa amfani da kowace irin hidimar kuɗi. A Arewa maso Yamma adadin ya kusa rabi. Ƙarancin takardun Naira da aka sha a farkon 2023 kuwa ya tilasta wa mai shayi da mai nama da mai adaidaita sahu karɓar tiransifa, kuma da yawansu ba su koma baya ba.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai abubuwan da ɗan Arewa ya taso ya gani, waɗanda baƙo sai ya yi dogon bincike kafin ya gane su.

Ya san mutum ɗaya zai iya zama Muhammad a BVN, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Muhammadu a takardar makaranta, sai na'ura ta ɗauke shi mutum uku ta ƙi buɗe masa asusu. Ya san unguwanni da dama ba su da lambar gida, da masallaci ko gidan mai unguwa ake kwatance. Ya san matar aure da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida, mai yiwuwa da layin mijinta ko na ɗanta take ciniki. Ya san dattijon da ba ya karanta boko amma yana karanta ajami, kuma ya fi sakin jiki da saƙon murya.

Ya san dillalin hatsi a Dawanau na iya juya miliyoyi a yini ɗaya, alhali asusunsa na matakin farko ne mai ƙaramar iyaka. Ya san yadda sabis ke yin nauyi ranar kasuwar dabbobi a Maigatari ko Potiskum. Ya kuma san cewa da an ambaci kuɗin ruwa, mutane da yawa za su ja da baya. Kafuwar Jaiz Bank a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus Bank a 2021 shaida ce cewa akwai masu neman hada-hadar da babu ruwa a cikinta.

Wannan sani jari ne. Amma ba ya zama aiki sai an haɗa shi da ƙwarewa.

Ta ina ake shiga?

Da wuya kamfani ya ɗauki wanda bai taɓa aiki ba ya damƙa masa haja kai tsaye. Mafi yawan manajojin haja ta wata ƙofar suka shigo: sashen kula da kwastomomi, ko kula da wakilai masu POS, ko daidaita lissafi, ko gwajin manhaja, ko nazarin alƙaluma. Don haka matashin da ya samu aikin amsa kiran kwastomomi kada ya raina shi. Babu inda ake jin gaskiyar haja kamar nan.

Abu na farko da mai neman aikin zai koya shi ne yadda kuɗi ke tafiya. Ya san rawar da NIBSS ke takawa wajen tura kuɗi tsakanin bankuna nan take. Ya san BVN, wadda aka fara a 2014, da alaƙarta da lambar NIN. Ya san matakai uku na asusu da abin da ake nema a kowanne. Dokokin CBN suna nan a shafinsa na intanet, kyauta ne ga mai son karantawa.

Na biyu shi ne alƙaluma. Ya iya Excel sosai, sannan ya koyi SQL, wadda da ita ake zaƙulo bayanai daga rumbun kamfani. Sanin Figma ta zane da Jira ta bin sawun ayyuka zai taimaka, amma waɗannan ba sa ɗaukar lokaci.

Na uku shi ne rubutu. Da Turanci ake gudanar da aiki a waɗannan kamfanoni, kuma wanda ba zai iya bayyana matsala a shafi ɗaya ba zai sha wahala. Hausa ce za ta kai shi ga kwastoma, Turanci kuma ya kai kukan kwastoman gaban injiniya.

Na huɗu, ya nuna aiki a ƙasa. Matashi na iya zagaya masu POS ashirin a unguwarsu, ya tambaye su abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, ya ƙirga amsoshin, ya zaɓi matsala ɗaya, ya rubuta shafi biyu kan yadda za a magance ta da yadda za a gane an yi nasara. Irin wannan takarda ta fi tarin satifiket magana a gaban mai ɗaukar aiki. Nan ne kuma mai HND ko NCE zai iya gogayya da mai digiri, domin abin da aka iya ake dubawa kafin sunan makaranta.

Akwai wuraren koyo marasa tsada. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta fara a 2023 a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani ya haɗa da wannan fanni. Cibiyoyin fasaha irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos kuma wurare ne na haɗuwa da waɗanda suka riga suka shiga harkar.

A yi hattara da masu sayar da buri

Dole a faɗi gaskiya: guraben masu farawa kaɗan ne, masu nema kuma suna da yawa. Tun daga 2022 kuɗin masu zuba jari a sababbin kamfanonin fasaha ya ja baya, wasu kamfanonin sun rage ma'aikata, wasu sun rufe. Ga tsadar kwamfuta da data, ga rashin wutar lantarki.

Saboda haka duk wanda ya ce a biya shi dubban ɗaruruwa, cikin mako shida a fara karɓar albashi da dala, a yi taka-tsantsan da shi. Kwas na iya koyar da kalmomin aiki, amma ba ya ba da gogewa. Mai sana'a a hannu kada ya sake ta tun bai kama wata ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Amanar dukiyar jama'a

Kuskure a manhajar wasa ɓacin rai kawai yake jawowa. Kuskure a manhajar kuɗi na iya cinye jarin bazawara ko kuɗin asibitin yaro.

A watan Afrilun 2024, CBN ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin kwastomomi na wasu makonni, kan batun tantance masu buɗe asusu. Manajan haja ne ke tsaye a tsakiyar irin wannan ja-in-ja. Idan ya sauƙaƙa buɗe asusu fiye da kima, 'yan damfara su shigo. Idan ya tsaurara, talakan da ba shi da cikakkun takardu ya tsaya a waje.

Haka nan manhajojin ba da bashi da suka riƙa aika wa 'yan'uwa da abokan mai cin bashi saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta sa baki a 2022. Mutane ne suka zauna suka tsara wannan dabara. Yanzu akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023, amma kafin doka akwai tsoron Allah. Wanda zai shiga wannan aiki ya shirya cewa a'a, ko da hakan zai rage wa kamfani riba.

Kowa da nasa nauyin

Kamfanonin da ke cin kasuwar Arewa ya dace su wuce ɗaukar 'yan yankin a matsayin masu tallan na'ura kawai. Su buɗe guraben horar da ƙananan manajojin haja a Kano da Kaduna da Maiduguri da Sakkwato, su kuma ba wakilan da suka nuna basira damar hawa sama. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ribar hakan su za ta fara amfana.

Kwalejojin kimiyya da fasaha na iya ƙulla yarjejeniya da waɗannan kamfanoni, ta yadda shekarar koyon aiki da ɗalibi ke yi tsakanin ND da HND ba za ta ƙare a ɗaukar fayil a ma'aikata ba. Gwamnatocin jihohi kuma su samar da wuraren aiki masu wuta da intanet, wanda ya fi bikin rabon kwamfuta amfani. A ba 'yan mata kulawa ta musamman, domin su ne za su iya shiga gidaje su ji bukatun matan da ke sana'a a ciki.

Sauran aikin na matasa ne. Wanda ke zaune a teburin POS yau, yana jin ƙorafi iri ɗaya sau goma a yini, ya riga ya mallaki abin da kamfanoni ke kashe kuɗi su nema. Ya sayi littafi, ya fara rubuta abin da yake gani daga gobe.