Bayan Shekara 79 An Gane Gawarsa

Malam Edita,

A 2022 Amurka ta ce ta gane gawar Addison Baker, matuƙin jirgin yaƙin da aka harbo ran 1 ga Agusta 1943, da suka taso daga Libiya don ragargaza matatun man Romaniya. An binne shi ba suna. Tun 2017 ake tone irin waɗannan kaburbura, ana gwada ƙwayoyin halittar ƙasusuwan da na dangi.

Wani zai ce ɓarnar kuɗi ce. Ko kusa! Sojan da ke bakin daga yau yana kallon yadda ake yi wa na jiya. To, kakanninmu da suka kwanta dama a dajin Bama a wannan yaƙin fa, iyalai nawa suka san inda kaburburansu suke?

Wani ɗan tireda, Funtuwa.