Dutse Na Magana, Mu Ne Kurame

A hutun da ya wuce na zauna da wani dattijo da ya daɗe yana sarrafa injin huda dutse a wata mahaƙar ma'adinai. Na ce, "Baba, ina kuke ajiye lissafin abin da injin ya tarar a ƙasa?" Ya yi dariya, ya ce, "Yaro, mu da kunne muke aiki. Takarda ta 'yan ofis ce." Na yi shiru don ladabi, amma alƙalamina ya ƙi yin shiru.

Ya kai mai karatu, kafin a sa nakiya a fasa dutse sai an huda shi, kuma kowace huda labari ce. In bakin injin ya ci karo da dutse mai tauri, tafiyarsa takan ragu. In ya faɗa wuri mai rauni ko kogo, sai ya zarce kamar an tura shi. In tsaga ce, juyawarsa ta riƙa cijewa, ruwan da ke wanke ramin kuwa ya tsere ta cikin tsagar. Injinan zamani suna da na'urorin da ke rubuta waɗannan duka: saurin shiga, ƙarfin dannawa, ƙarfin juyawa, da matsin ruwa. In an jera lissafin ramuka da yawa, sai siffar cikin dutsen ta bayyana tun ba a shiga ba. Wannan ne wasu ke kira aikin banza!

Hujjarsu ta fari ita ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na yarda. To, amma ran da babban ya kwanta ciwo, ko ya bar aiki, ina kunnen nasa? Ya tafi da abinsa. Wanda ya karɓi aikin dare bai san abin da na rana ya ji ba, alhali kuwa shi ne zai tsaya ƙarƙashin dutsen. Kunne ba ya gado, rubutu ke gado.

Ta biyu, su ce ai masana duwatsu suna zaro sandar dutse daga ƙasa su duba da ido. Gaskiya ne. Tun 1964 wani Ba'amurke mai suna Deere ya tsara yadda ake auna ta: a haɗa tsawon gutsattsarin da suka kai santimita 10, a gwada da tsawon ramin. In bai kai kashi 25 cikin ɗari ba, dutsen ruɓaɓɓe ne ƙwarai. Sai dai zaro sandar nan na da tsada da cin lokaci, don haka ramukanta kan yi nisa da juna. Tsagar da ke tsakani fa, wa ya gan ta? Ramukan nakiya kuwa kusa da kusa suke, kuma ko ana so ko ba a so sai an huda su. Ashe wauta ce a biya kuɗin huda, sa'an nan a zubar da labarinta.

Ta uku, su ce lissafin kan yi ƙarya. I, bakin inji kan dakushe, tafiya kan ragu in rami ya yi zurfi, hannun masu tuƙi ma ya bambanta. Maganin wannan shi ne a tace lissafin, a gwada shi da sandar dutse, ba a jefar da shi ba. Tun 1965 wani injiniya, Teale, ya nuna yadda ake ƙididdige ƙarfin da inji ke kashewa wajen cinye dutse gwargwadon yawansa. A ƙasar Suwidin, inda mahaƙar tama ta Kiruna ta kai zurfin mita 1,365, masanan jami'ar Luleå sun shekara da shekaru suna nazarin irin wannan lissafi. Su ba su da kunne ne?

Saura batun kuɗi. Wanda ba shi da injin zamani, ai bai rasa agogo da littafi ba. A rubuta minti nawa kowace sandar huda ta ci kafin ta nutse, a wane zurfi ruwa ya ɓace, a ina launin garin dutse ya sauya. Nawa ne kuɗin biro?

Jama'a, ba wasa muke ba. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Issa cikin jihar Maraɗi. A Yunin 2024 wani ya rufta a Galadima Kogo ta Jihar Neja. Ba kowace ruftawa lissafi zai hana ba, amma duk mai tura 'ya'yan mutane ƙarƙashin dutsen da bai san halinsa ba, caca yake yi da ran da ba nasa ba. Kamata ya yi hukuma ta wajabta wa kowane kamfani mai injin huda ajiye wannan lissafi, a kuma nuna wa ma'aikata kafin su sauka.

Baba, ka yi mini aikin gafara. Kunnenka zinariya ne, shi ya sa nake so a rubuta abin da ya ji. Tun ran gini, ran zane.