Ƙurar Asbestos da Cutar da Ke Jira Shekaru

A cikin cututtukan da ɗan Adam kan ɗauko a wurin neman halaliyarsa, da wuya a sami wadda ta kai sankarar asbestos iya ɓuya, domin kuwa wanda ya shaƙi ƙurar nan yana saurayi mai jini a jika yakan yi aure, ya hayayyafa, ya aurar da 'ya'ya, har furfura ta game masa kai, kafin ƙirjinsa ya fara nuna illar abin da ya shiga cikinsa shekara 20, ko 30, wani lokaci ma har 50 da suka shige. Wannan doguwar tazara tsakanin sababi da sakamako ita ce ta sa ba a cika gane cutar a ƙasarmu ba, ita ce kuma ta sa muka ga wajibi ne mu yi magana.

Shi asbestos ma'adini ne da ake haƙowa a ƙasa, wanda in aka farfasa shi yakan warware ya zama zare-zare. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga shi da arha, saboda haka aka yi ta cakuɗa shi da siminti ana buga kwanon rufi da allunan silin da bututun ruwa, aka kuma sa shi cikin kayan birki da na kulocin mota. Akwai fari, akwai ruwan ƙasa, akwai shuɗi, kuma ko da yake masu cinikin farin sun daɗe suna da'awar cewa nasu ba shi da lahani sosai, hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta yanke hukunci cewa dukkansu suna haddasa sankarar huhu, da ta maƙogwaro, da ta ma'ajiyar ƙwan haihuwa a jikin mata, da kuma wadda likitoci ke kira mesoteliyoma, wato sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki. Zaren ya fi ƙarfin ganin ido, ba shi da wari, ba ya sa atishawa. In ya kai ƙarshen huhu sai ya kafe, jiki ya yi ta ƙoƙarin narkar da shi bai iya ba, wurin ya yi ta kumbura yana yin tabo shekara da shekaru, har wata rana naman ya rikiɗe.

Ba jiya aka san haka ba. A 1924 wata mai aikin kaɗi a masaƙar asbestos ta Rochdale a Ingila, Nellie Kershaw, ta rasu tana da shekara 33, aka sami huhunta cike da tabon zaren nan, a 1955 kuma wani masani, Richard Doll, ya kafa hujja cewa asbestos yana haddasa sankarar huhu. Amma labarin da ya fi dacewa mu yi nazarinsa a nahiyarmu ya faru. A wani asibitin masu tarin fuka da ke Kimberley, a Afirka ta Kudu, likita Sleggs ya lura cewa akwai wasu majinyata da ke zuwa da ruwa a ƙirji, ana ba su maganin tarin fuka, sauran marasa lafiya suna warkewa, su kuwa sai ƙara lalacewa suke yi har su mutu, kuma yawancinsu daga yankin da ake haƙar shuɗin asbestos suka fito. A 1960 shi da likita Wagner da wani abokin aikinsu suka bayyana labarin mutum 33 masu mesoteliyoma, kuma abin da ya girgiza masana shi ne cewa da dama daga cikinsu ba su taɓa aiki a mahaƙa ba: kusa da ita kawai suka zauna, wasu kuma wasan ƙuruciya suka yi a kan tarin ƙasar da aka zubar. Daga baya aka sami irin wannan ciwo a jikin matan da iyakar alaƙarsu da asbestos ita ce kakkaɓe tufafin mazajensu da wanke su.

Ingila ta haramta asbestos baki ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, alhali har yanzu ana haƙarsa a Rasha da Kazakistan da Sin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum fiye da 200,000 a kowace shekara.

To, mu ina muka tsaya? Duk wanda ya san makarantu da asibitoci da barikoki da gidajen ma'aikata da aka gina a zamanin yalwar kuɗin mai, daga shekarun 1970 zuwa gaba, ya san kwanon nan mai launin toka da farin silin ɗin da ke ƙarƙashinsa. Adalci ne mu faɗa cewa muddin allon yana nan lafiya, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne, babu dalilin firgita. Sai dai gine-ginen sun tsufa, yanzu ne ake rushe su ana sabuntawa, kuma kowa ya ga yadda ake yi: kafinta na bisa rufi da guduma, yana ɓamɓaro allo yana wurgowa ƙasa ya tarwatse, yaronsa na yanka wani da zarto, farar ƙura ta rufe masa gira da gashin baki, lebura na share wurin a bushe, sa'an nan a kwashe ɓaraguzan a cike kwazazzabon bakin hanya, inda ƙafa da taya za su yi ta niƙa su, iskar hunturu tana ɗebewa. Haka bakanike kan buɗe gangar birki ya hure ƙurar da bakinsa. Ba ganganci ke sa su ba. Ba wanda ya taɓa faɗa musu ne.

Alamomin cutar kuwa, a nan ne mas'alar ta fi tsanani, domin a zahiri sun yi kama da na tarin fuka: haki da sarƙewar numfashi da ke ƙaruwa sannu a hankali, har mutum ya kasa tafiya masallacin unguwa bai tsaya ba, ciwo mai nauyi a gefe ɗaya na ƙirji ko kafaɗa wanda ba ya sauka, tari na makonni, wani lokaci da jini a kaki, dashewar murya, rama ba tare da dalili ba, kasala da gumin dare, taruwar ruwa a ƙirji, ko kumburin ciki in tantanin ciki ta kama. A ƙasar da tarin fuka ya yi yawa irin tamu, ba abin mamaki ba ne a ɗora majinyaci a kan magani na wata 6, a rasa sauƙi, a ce ko sammu ne, alhali tambaya guda ce ba a yi masa ba. Muna roƙon likitocinmu da ma'aikatan jinya su mayar da ita al'ada: Baba, wace sana'a ka yi kana saurayi, kuma wace irin ƙura ka shaƙa? Dattijon da ya san ya yi aikin rufi, ko gini, ko gyaran birki, shi ma kada ya jira a tambaye shi. In kuwa yana shan taba, to, ya sani wani bincike da aka yi kan ma'aikata a Amurka a 1979 ya nuna cewa haɗuwar taba da asbestos tana ninka haɗarin sankarar huhu kusan sau 50.

Mun yi imani ajali na hannun Allah, amma malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Mai gidan da ya san abin da ke rufinsa, ya kira ma'aikaci bai gaya masa ba, ya ci amanarsa. A jiƙa allo da ruwa kafin a taɓa shi, a kwance shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba, a sa takunkumi na musamman, gama ƙyalle ba ya tare zaren, a bar tufafin aiki a wurin aiki, a naɗe tarkacen a binne inda hukuma ta keɓe. Ita kuma hukumar kula da muhalli ta NESREA da ma'aikatun ayyuka da na ilimi na jihohi, haƙƙi ne a kansu su ƙididdige gine-ginen gwamnati masu wannan rufi, su fara da makarantun firamare, su kuma hana ɗan kwangila ya kai guduma kansu yara suna cikin aji.