Kareti a Makarantunmu: Wa Ya Horar da Mai Horarwa?

A 'yan shekarun nan wasan kareti ya fara samun gindin zama a makarantunmu. Saurayi kan zo ofishin shugaban makaranta sanye da fararen kaya da baƙar ɗamara, ya nemi a ba shi yara ya koya musu dabarun kare kai, iyaye su riƙa biyan kuɗi duk zangon karatu. Mu a wannan reshe ba ma adawa da wasan. Matsayinmu shi ne, kada a damƙa yaro ko ɗaya a hannun mai horarwar da ba shi da ƙungiyar da ta horar da shi, ta jarraba shi, kuma take da ikon tsawata masa.

Tarihin wasan ma yana goyon bayanmu, domin ta ƙofar makaranta ya fito duniya. A tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, Anko Itosu ne ya shigar da kareti makarantar firamare ta garin Shuri a 1901, ya kuma tsara darussa biyar masu sauƙi saboda 'yan makaranta. Almajirinsa Gichin Funakoshi, wanda ya kai wasan birnin Tokiyo a 1922, malamin firamare ne kamar da yawa daga cikinmu. Almajiransa sun kafa Ƙungiyar Kareti ta Japan, wato JKA, a 1949. A 1956 ƙungiyar ta buɗe kwas na musamman don horar da masu horarwa, tun kafin Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar ta amince da ita a 1957. Sun gane cewa iya wasa daban, iya koyar da shi daban.

A irin wannan ƙungiya horo hawa uku ne. Da farko akwai kihon, wato tsayuwa da taku da karewa da naushi, ana maimaita su har su zauna a jiki. Sai kata, jerin motsi da ɗalibi zai haddace ya yi shi kaɗai. Na farkon waɗanda ake kira Heian da karewa yake farawa kafin a kai hari. Daga nan sai kumite, gwabzawa da abokin horo, wadda ake somawa da ƙidayayyen taku, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi, kafin a saki jiki. Ɗalibi yana hawa matakan kyu ɗaya bayan ɗaya, da tazarar watanni tsakanin jarrabawa da jarrabawa, kuma yakan shafe shekara uku ko fiye kafin ya kai dan na farko, wato baƙar ɗamara. Mai jarrabawa sai wanda ƙungiya ta ba lasisi, sakamakon kuma ana shigar da shi rajista, duk mai shakka ya bincika.

To, ɗamara dai ƙyalle ce, ana sayar da ita a kasuwa. Abin da ke ba ta daraja shi ne wanda ya yi jarrabawar da kuma rajistar da ke bayanta. Mu malamai mun fi kowa sanin wannan ciwo. Mun ga yadda cibiyoyin satar amsa suka zubar da mutuncin takardar sakandare, mun kuma amince cewa ba wanda zai shiga aji ba tare da rajistar hukumar TRCN ba. Yaya za mu nemi takarda daga mai koyar da lissafi, mu ƙyale mai koyar da naushi da shuri? Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Haɗarin a fili yake. Mai horarwar da bai ƙware ba yakan tura yara gwabzawa tun ba su iya tsayuwa ba, a samu karaya ko buguwa a ka. Yakan sauya musu launin ɗamara duk zango don iyaye su ci gaba da biya, yaro ya ɗauka ya zama gwani, ya je ya tari aradu da ka a unguwa. Mafi muni, idan ya ci zarafin yaro babu inda za a kai ƙararsa; gobe sai a gan shi a wata makaranta.

Wasu za su ce rajista da kuɗin jarrabawa sun yi wa talaka nauyi. Gaskiya ne, amma maganinsa shi ne makarantun unguwa ɗaya su haɗa kai su gayyato mai jarrabawa guda, a raba kuɗin. Wasu iyayen kuma suna da damuwa kan sunkuyon gaisuwa da suturar 'yan mata. Wannan magana ce da ya kamata a zauna a kanta da ƙungiyar iyaye da malamai tun kafin a fara, kuma Hukumar Kareti ta Duniya ta amince mata su rufe kansu a gasa tun 2013.

Don haka muna kira ga shugabannin makarantu da su nemi takardar dan da shaidar zama ɗan ƙungiya daga duk mai son buɗe kulob, su tabbatar da sahihancinsu a hukumar wasanni ta jiha ko Hukumar Kareti ta Nijeriya. A sa malami ko malama ɗaya daga cikinmu ya zauna a kowane horo, da akwatin agajin gaggawa a kusa. Iyaye kuma, kafin ku biya ko sisi, ku tambayi wanda zai jarraba yaranku, da inda za a rubuta sakamakon. 'Ya'yan nan amana ce a wuyanmu, a aji ne ko a filin wasa.