Hani ba ya raya sana'a

Cikin ƙarni na 17, jiragen ruwa suka riƙa kai wa Faransa yadin auduga daga Indiya, mai zanen furanni da tsuntsaye. Ba shi da nauyi, kuma wanki ba ya cin launinsa. Mata suka ɗinka riguna da shi, masu hali suka yi labule da shimfiɗar gado. Masu sana'a a birnin Marsay suka soma kwaikwayonsa.

Masaƙan siliki da na ulu suka ga ciniki ya ja baya, suka kai kuka fada. A shekara ta 1686 gwamnatin sarki Luwi na 14 ta hana shigo da yadin, ta hana buga irinsa cikin ƙasa. Hanin ya yi shekara 73, ana cin tara, ana ɗauri, amma fasa-ƙwabri ya bunƙasa, har matan fada suna sa abin da doka ta haramta. Sana'ar ta yi ƙarfi a Suwis, Holanda da Ingila, kuɗin Faransa suna tafiya can. Hana wani, hana kai.

Da aka ɗage dokar a 1759, sai da aka nemi gwanaye daga waje. A 1760 Oberkampf, haifaffen Jamus, ya kafa masana'anta a Juwi, kusa da Bersay. Da hatimin itace ya fara. A 1770 ya shigo da farantin jan ƙarfe, wanda ke fitar da zane siriri da launi guda: manoma, dabbobi, labaran da. Ya ɗauki mai zane Huet aiki, ma'aikatansa suka zarce 1000.

Wannan tarihi yana da tabo. Masana'antun birnin Nant sun buga yadi musamman don a musanya shi da bayi a gaɓar Afirka. Kyan zane ba ya wanke wannan.

Ba laifi ba ne hukuma ta kare masu sana'arta. Amma tsaron iyaka kaɗai ba ya koya wa kowa rini. Abin da ɗauri da tara suka kasa yi cikin shekara 73, horo, kayan aiki da gwanintar zane sun yi shi. Ya kamata duk ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin raya sana'o'i ya riƙe wannan darasi.