Kwana huɗu tana zubar da jini, gida ya yi shiru

Bara muka yi jana'izar wata yarinya ƴar shekara 17 a unguwarmu. Aka ce masassara ce. Duk wanda ya zo gaisuwa ya san ba masassara ba ce. Ƙwayoyi ta saya wurin mai tallar magani a tire, ta shanye, ta kwana huɗu a ɗaki jini na zuba. Uwarta ta gane tun rana ta biyu, amma tsoron bakin unguwa da tsoron jandarma suka hana ta kai ta gidan likita. Da aka ɗora ta a adaidaita, a hanya ta cika. Shi kuwa wanda ya yi cikin yana nan, kullum dare yana fada yana shan shayi, ba wanda ya taɓa nuna shi da yatsa.

Ƴan uwa, ban zo in ce zubar da ciki halal ne ba. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kai, kuma dokar ƙasa tana kai mutum gidan kaso saboda shi. Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta yarda da shi ne kawai idan cikin zai taɓa rai ko lafiyar uwa, ko abin da ke cikin yana da mummunar cuta, kuma a hannun likita. Wannan duk mun sani. Abin da nake tambaya shi ne: wace doka, wane malami ya ce a bar yarinya ta mutu cikin jininta?

Mu daina yi kamar ba mu san abin da ake sha ba. Nibakin da yawa, bula ta wanki, kanwa, jiƙe-jiƙen boka, wasu har da tura kara ko ƙarfe. Nibakin yana iya tsayar da zuciya kafin ya taɓa cikin. Ƙarfe yana huda mahaifa, wani lokaci har hanji. Abin da ya rage a ciki yana ruɓewa, cuta ta shiga jini, ƙoda ta tsaya. Wadda ta tsira ma, tana iya rasa haihuwa har abada. Ƴar uwa, idan wata ƙawa ta ce miki "ai ni na sha, ba abin da ya same ni", sa'a ta yi, ba ilimi gare ta ba.

Idan kuma an riga an sha, ga alamomin da ba a jira da su: jinin da ke jiƙa ƙunzugu biyu cikin awa ɗaya har awa biyu a jere, zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon mara mai tsanani, jiri ko suma. A tafi gidan haihuwa ko CSI nan take, ko tsakar dare ne. Kulawar bayan ɓari haƙƙi ce, ko cikin da kansa ya fita ko an taɓa shi. Ungozoma aikinta ceton rai da riƙe sirri. Wadda ta tsaya zagi da tuhuma kafin ta tsayar da jini, ta ci amanar aikinta, kuma ya kamata mu faɗa.

Tun 2006 gomnati ta ce maganin tazarar haihuwa kyauta ne a gidajen likitanta. Akwai kuma ƙwayar gaggawa da ke hana ɗaukar ciki idan an sha da wuri, musamman cikin awa 72. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wa ke gaya mata wannan? A gida shiru, a lakwal shiru.

Iyaye mata, abin kunya magana ce ta wata biyu, unguwa ta samu wani sabon zance. Kabari ba ya maido da kowa. Samari kuma, in za a yi maganar nan a fada yau da dare, a fara da wanda ya yi cikin.